Filash Ɗin Rijiyar Tsoho Bawa

Ranar da Alhassan ya fara ganin Zulaihatu, ba shi ta kalla ba. Kwamfutarsa ta kalla, kuma kallon bai yi masa daɗi ba.

Shagonsa yana bakin tashar Sabon Birni, ɗaki ɗaya mai kwamfuta biyu da firinta, sai ƙaramin janareto a waje. Da safe buga takardu yake yi. Daga hantsi kuwa samarin gari ke cika benci suna buga ƙwallo a allon kwamfuta, don shekarar damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, babu mai aikin gona balle na sussuka.

Ta shigo da lulluɓi ruwan toka da jakar laftof a kafaɗa. Ta ce ita malama ce a wata makarantar 'yan mata a Isa, firintar makarantar ta lalace, takardun jarrabawa za ta buga. Ya miƙa hannu don ta ba shi filash ɗin da takardun ke ciki. Sai ta dubi na'urar da samari suka tashi daga kanta, ta ce ba za ta soka filash ɗinta a nan ba ko da kyauta za a yi mata aikin.

"Mi tay yi maki?" ya tambaye ta.

"Windows ta, kuma kowa yaz zo da filash nai sai shi soka mata. Wagga ai kwanon gidan biki ta, Malam."

Ta fito da tata laftof, ta jona wayar firinta da kanta, takardu suka fara fita. Alhassan ya leƙa allon bai ga abin da ya saba gani ba. Ta ce Linux ne, kishiyar Windows, tun tana karatu a Sakkwato take amfani da shi. Babu abin da ke shiga cikinsa sai ya nemi kalmar sirri, kuma masu ƙirƙirar bairos, cutar kwamfuta, ba su cika ɓata lokacinsu a kansa ba, inda jama'a suka fi yawa nan suke kai hari.

Shi ma ba a bar shi a baya ba. Ya ce laifin ba na Windows ba ne, na masu sakaci ne, kuma duk wani gem mai daɗi da ake bugawa a kwamfuta a kanta yake tafiya. Ya tambaye ta ko na'urarta na buga ƙwallo. Ta ce a'a. Ya ce to ai ta gina katanga ce mai tsawo ta zagaye gidan da ba a hira a cikinsa.

A kan abu ɗaya kawai suka yi ittifaƙi, cewa kwamfutar Mac na da kyau da tsaro, amma ta 'yan birni ce masu hannu da shuni. Takardun minti goma ne, ta yi awa guda a shagon, ba ta fita ba sai da ya karɓi lambar wayarta.

Kafin ta isa Isa saƙonsa ya riga ta sauka:

"Hajiya Tsaro, ina fata kin isa lafiya, ke da katangarki. Shagona ya yi shiru tun da kinka fita. Alhassan."

Ta karanta sau biyu, ta yi murmushi, ta amsa:

"Lafiya lau, Kyaftin. Ka sabunta maganin bairos naka kafin ka koma buga ƙwallo. Rigakafi ya fi magani."

Daga nan sunayen suka zauna. Firintar makarantar an gyara ta bayan mako biyu, amma Zulaihatu ba ta fasa zuwa Sabon Birni ranar kasuwa ba, kuma babu wanda ya tambaye ta dalili. Gardamar ba ta taɓa ƙarewa ba, sai dai ta canza murya. Wata rana ya fito mata da wata tsohuwar laftof daga ƙasan tebur, wadda batirinta ba ya wuce minti ashirin, ya ce ta sa masa Linux ɗin ya ga abin da ya fi shi a wurinta. Ta sa masa, ta ce ya zaɓi kalmar sirri. Ya rubuta haruffa biyar, ita kuma ta yi kamar ba ta ga cewa sunanta ba ne.

"Zulai," ya ce da ita ran nan yana rakiyarta tasha, "za ni turo magabatana Tozai."

"Ka turo," ta ce tana kallon ƙasa. "Amma Baba ya fi Linux wuyar shiga."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifinta Malam Labbo maginin rijiya ne a Tozai, haka ubansa, haka kakansa. Ya karɓi baƙin da mutunci, ya sa aka kawo musu fura, sannan ya sa aka bincika masa yaron. Da labari ya dawo cewa shagonsa ne matattarar masu buga ƙwallon allo, sai ya ce shi bai ga yadda zai ɗauki ɗiyarsa ya ba mutumin da ke wasa da ƙwallon da ba ta da iska ba, a shekarar da shanu ke faɗuwa a bakin rijiya. Inna Saude, mahaifiyarta, ta sa baki ta ce yaron na da ladabi kuma sana'arsa halal ce. Ya ce ya ji.

Shi zuciyarsa na ga Kalilu, ɗan amininsa na Isa, wanda ke aiki a Abuja. Kalilu ba mugun mutum ba ne. Yana da kunya da kyauta, yana kuma da laftof ɗin Mac mai ruwan azurfa da yake buɗewa a zaure ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, yana cewa irin wannan bairos ba ya kama ta. Zulaihatu na gaishe shi da ladabi, iyakar abin ke nan.

Rani ya yi nisa. Rijiyoyin Tozai suka koma ba da laka, mata na fita tun asuba su dawo da rabin tulu. Makiyaya suka fara maganar tashi, wasu gidaje suka rufe ƙofa suka tafi ci-rani. Malam Labbo ya haƙa rami biyu a fadama, duka biyun suka ƙare a busasshen dutse. Sai ya tuna da abin da ke cikin akwatinsa.

Shekara biyu kafin nan, da mahaifinsa Tsoho Bawa ya ji ƙarfinsa na tafiya, ya kira jikarsa Zulaihatu ƙarƙashin darbejiya ya ce ta ɗauki muryarsa. Ya faɗi inda wata tsohuwar rijiya take, wadda kakanninsu suka gina da dutse a wata shekarar yunwa, rairayi ya binne ta har aka manta da ita. A gidan magina rijiya irin wannan sani gado ne, ba ya fita waje. Don haka bayan rasuwar tsohon, Malam Labbo ya sa ta zuba muryar a filash ɗaya, ta goge ta daga laftof ɗinta a gabansa, ya kulle filash ɗin tare da tsohuwar igiyar tsohon. Bai taɓa saurara ba. Ya ce bai shirya jin muryar ubansa daga cikin ƙarfe ba.

Da suka kunna a laftof ɗinta, sai muryar ta fito can ƙasa, iska na kaɗawa a kanta, rabin maganar ba a ji. Zulaihatu kuwa ba ta riƙe lissafin takun da tsohon ya ce a yi zuwa rijiyar ba. Ta ce akwai wanda ya iya tace sauti a Sabon Birni. Malam Labbo ya san wanda take nufi, ya ce ta kai, amma da sharaɗi.

Ta kai wa Alhassan da kanta, ta riƙe filash ɗin ba ta sake shi ba sai da ta gama magana.

"Abu biyu nika roƙo, Kyaftin. Kada ka sa shi ga na'urar ƙwallo. Kuma kada ka kwafi ko daƙiƙa guda. Amanar gidanmu ta."

Ya ce ya ɗauka. Washegari aka kira ta Gangara, gwaggonta Tani ba lafiya, ta tafi jinya.

Alhassan ya sa filash ɗin a tsohuwar laftof mai Linux, ya ɗora babban abin jinsa na gem a kunne. Minti goma sha bakwai ne. A minti na goma sha ɗaya tsohon ya tsaya ya tsokani jikarsa, ya ce duk wanda ya aure ta sai ya yi tanadin haƙuri don ta fi shi iya gardama, ita kuma ta fashe da dariya. Alhassan bai taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba, ta gida, wadda ba a yi don kowa ba. Ya mayar baya ya sake ji. Kafin ya zare filash ɗin, hannunsa ya riga ya kwafi muryar ya ajiye a laftof. Ya gaya wa kansa cewa sirrin rijiya bai dame shi ba, dariyar kawai yake so.

Sannan ya nemi manhajar tace sauti a Linux, bai gane kanta ba. Wadda ya iya tana kan na'urar ƙwallo. Ya ce minti biyar ba za su yi komai ba. Abin da bai sani ba shi ne kwana uku kafin nan wani ya sa mata kwafin gem na sata mai ɗauke da bairos da ya samo a kasuwa, kuma maganin bairos ɗin da aka ce ya sabunta tun watannin baya yana nan yadda yake. Ya tace sautin, ya adana a filash, ya zare. Ranar kasuwa Malam Labbo ya biyo da kansa ya karɓa, bai ko zauna ba.

Da yake ɗiyarsa ba ta nan, sai ya wuce Isa wurin Kalilu, wanda ya zo gida hutu, don ya kunna masa. Kalilu ya soka a Mac ɗinsa, ya ga wasu tarkacen fayiloli da bai san su ba, muryar kuwa babu alamarta. Ya girgiza kai ya ce bairos ya cinye komai, abin da ake gudu ke nan da na'urorin 'yan gem. Don kada tsoho ya koma hannu rabbana, sai ya wanke filash ɗin fes, ya cika masa shi da wa'azi kyauta. Da zuciya ɗaya ya yi, amma gyaran gangar Abzinawa ya yi.

Da Zulaihatu ta dawo ta ji, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tura saƙo ta tambayi Alhassan ko ya sa filash ɗin a na'urar ƙwallo. Ya amsa da kalma ɗaya, ya ce e. Sai nata ya shigo:

"Irin wanga bairos ɓoyewa shika yi, ba cinyewa ba. Da an bar shi yadda shike, da na fito da muryar Kaka cikin minti biyar. Yanzu an wanke an zuba wani abu bisa. Ta tafi ke nan. Ban da haushin Kalilu, bai sani ba. Kai ka sani, kai niy yarda da kai. Kada ka kira ni."

Alhassan ya zauna yana kallon tsohuwar laftof a ƙasan tebur. Muryar na ciki. Idan ya yi shiru, ya karya alkawari ɗaya ne, kuma wata rana ana iya yafe sakaci. Idan ya yi magana, za a san ya karya biyu, kuma na biyun ba sakaci ba ne, sata ce. Tsoro ya kama shi, tsoron rasa ta gaba ɗaya, kuma tsoron ya riƙe shi kwana huɗu cur. Ba abin yabo ba ne, amma haka aka yi.

A rana ta biyar wata mota ta tsaya a tasha ɗauke da mutanen Tozai da tabarminsu da tukwanensu, za su wuce kudu. Wata tsohuwa a cikinsu ta roƙi ruwa a shagonsa, ta sha rabi, ta zuba sauran a gora ta ɗaure. Alhassan ya sallami samari, ya rufe shago, ya cika batirin laftof, ya sa ta a jaka da abin jin, ya hau mashin. Bai kwafi muryar a wani filash ba, ya ce ba zai ƙara na uku a kan biyu ba.

Ya tarar da Malam Labbo a zaure bayan azahar yana gyaran guga. Ya durƙusa ya gaishe shi, aka amsa a taƙaice. Zulaihatu na tsaye bayan zana, ta ji ƙarar mashin ɗin ta gane shi.

"Baba, na zo in faɗi laifi na biyu," Alhassan ya ce. "An ce kada in kwafa, na kwafa. Muryar Tsoho tana nan cikin wagga na'ura. Batirinta minti ashirin shika yi, maganar minti sha bakwai ta."

Malam Labbo ya ajiye gugan, ya karɓi abin jin, ya juya shi, sannan ya ɗora a kan hularsa. Alhassan ya danna. Tsohon ya kafa ido a ƙasa, bayan ɗan lokaci hawaye suka gangaro cikin gemunsa bai share ba. Yana ji yana zana layi a ƙasa da yatsa. Can sai ya ɗaga hannu, ya ce iska ta cinye wurin, ya ji an ce daga kututturen tsamiyar da aradu ta faɗa wa a fuskanci gabas, amma bai ji taku nawa ba. Wannan kwafin ba a tace shi ba, kuma alamar batiri ta koma ja.

"Arba'in da bakwai," Alhassan ya ce a hankali. "Sannan a karkata dama taku tara, inda gidan tururuwa shike."

Malam Labbo ya zare abin jin ya dube shi.

"Sau nawa kaj ji ta?"

"Ban ƙidaya ba, Baba."

"Rijiya kaka son ginawa?"

"A'a." Ya sunkuyar da kai. "Akwai inda Tsoho yat tsokane ta, tay yi dariya. Don wurin na aje."

Laftof ta mutu a daidai nan. Bayan zana aka ji motsin mutum ya bar wurin da sauri. Malam Labbo ya miƙe, ya shiga gida, ya fito da diga ya ajiye a gaban Alhassan. Ya ce wanda ya san taku shi zai fara sara, gobe bayan sallar asuba.

Kwana goma sha biyu suka yi suna haƙa, shi da Malam Labbo da mutanen unguwa. Hannun da ya saba da madannin kwamfuta ya yi kanta, kantar ta fashe, aka ɗaure da tsumma ya koma rami. Zulaihatu ba ta yi masa magana ba, amma furar da ake aiko wa ma'aikata kullum akwai kwano ɗaya da ya fi sauran nono, kuma gabansa ake ajiye shi. A rana ta shida digarsa ta daki jerin duwatsun tsohuwar rijiyar. Kalilu ya zo ya gani, ya ba da haƙuri a kan wankin filash, ya kawo buhun siminti biyu, ya koma Abuja.

A rana ta goma sha biyu da hantsi, rairayin ƙasan ramin ya yi duhu, sannan ya fara tsattsafowa. Alhassan na ciki ruwa ya rufe masa idon sawu. Malam Labbo ya zura guga, ya ja, ya ɗanɗana, ya ce alhamdu lillahi. Mata suka yi guɗa, wani ya hau keke ya tafi sanar da makiyaya kada su tashi.

Bayan la'asar Malam Labbo ya tara 'yan uwansa a zaure, ya sa aka kira Alhassan. Ya ce tun zamanin kakanninsa maganar rijiya ba ta taɓa fita gidan nan ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

"Wanga yaro ya haddace maganar ubana. Ko dai in kira shi ɓarawo, ko in kira shi ɗan gida. Ɓarawo ba shi kawo abin da yas sata har zaure da ƙafa tai. Ku ce ma magabatanai su dawo."

Kafin Alhassan ya kai bakin hanya wayarsa ta yi ƙara:

"Kyaftin, na yafe na farko don ruwan, na yafe na biyu don gaskiyar. Na uku in ka yi, ba ruwana. Ka sa man kaɗe ga hannunka. Taka, Zulai."

Ya tsayar da mashin ya rubuta da yatsun da ke ciwo:

"Hajiya Tsaro, hasken idona, babu na uku. Kalmar sirrina tana nan yadda kinka gan ta."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Da ruwan rijiyar aka dafa abincin biki, da shi aka yi wa amarya wankan lalle. A shagon Sabon Birni yanzu akwai doka a rubuce a jikin bango: na'urar ƙwallo ta ƙwallo ce kaɗai, aikin mutane kuwa a kan mai Linux ake yi. Gardamar wace ta fi har yau ba su gama ta ba, kuma ba alamar suna son gamawa.

Ranar da za a kai amarya, Malam Labbo ya kira su biyun ya miƙa wa Zulaihatu sababbin filash guda uku. Ya ce ta zuba muryar ubansa a kowane, ɗaya a akwatinsa, ɗaya a wurinta, ɗaya a wurin mijinta, tunda duk gida ɗaya ne. Sannan ya dafa kansu.

"Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a mai riƙon amana. Allah shi sa zamanku shi zan kamar wagga rijiya, ko rairayi ya rufe, in an haƙa a iske ruwa."

Suka ce amin. Inna Saude ta ce amin, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce su tashi mota na jira.